Muryar Aikin Mama

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Yau ba za mu je gidan Anti Noreen ba. Mama ta ce kanta ke sarawa. Mai ciwon kan kuwa ga ta can tun safe tana goge tagogin falo, har da waɗanda ba a taɓa buɗewa.

Ban ma san yadda ake yin Asabar a gidanmu ba. Tun ina firamare a can muke yin ta, a gidanta na bakin tafki. Mu shiga ɗakin surace mu uku, tana watsa wa duwatsu masu zafi ruwa don tururi ya tashi, tana ce wa Mama raguwa, mu fito jajur mu ci burodinta mai kirfa, sannan in sauka ɗakin ƙasa in zaɓi littafin soyayyar da zan karanta a satin. Ba 'yar'uwar Mama ba ce ta jini. Ofis ɗaya suke a saman shagon furanni, ƙofarta na kallon ta Mama, aikinsu kuma ɗaya: mutum ya zo da abin da ke cin zuciyarsa, ya zauna a kujera mai laushi ya yi ta magana, su kuma su saurara. Baba yana ce musu likitocin da ba su da allura.

Na gama littafin kyaftin ɗin jirgin ruwa. Ya dawo! A shafin ƙarshe, cikin ruwan sama, ko hula babu. Anti ta ce sakarai ne, wai da yarinyar na da hankali mai shagon magani za ta aura. Tun Laraba na shirya mata amsa. Ita kaɗai ce a duniya nake iya yi wa gardama muryata ba ta maƙale ba. Yanzu ina zan kai amsar?

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan coci

Da aka ce kowa ya gaisa da na kusa da shi, Mama ta sunkuya tana neman wani abu a jaka. Anti ta kashe mini ido daga layinta. Na yi murmushi, sai na ji kamar na yi sata.

Talata, 15 ga Oktoba, da yamma

Na sami Baba a gareji yana sauya tayoyin mota kafin ƙanƙara ta sauko. Na daɗe a tsaye kafin maganar ta fito.

"Baba, me ya haɗa Mama da Anti?"

"A'a! Gimbiyar surutu ta yi magana. Bari in zauna kada in faɗi."

"Baba, don Allah."

Ya goge hannu ya ba ni labari. A taron ƙungiyarsu na shekara ne. Anti ta karɓi abin magana ta ce wasu daga cikinsu sun mai da ɗakin sauraro wurin wa'azi. Wai manomi ko mahaƙin tama zai zo da damuwarsa, da zarar ya faɗi wanda zai zaɓa, ko ya yi wata katoɓara a kan wasu mutane, sai a hau gyara masa tunani, ko a ce masa babu fili. Ta ce ita duk wanda ya shigo ɗakinta ba ta tambayarsa jam'iyyarsa.

"Da a nan ta tsaya da sauƙi," in ji Baba. "Amma kin san antin taki, ba ta iya ba mutum magana a cokali ba, sai a shebur. Ta ce musu limamai marasa coci. Rabin ɗaki ya tashi ya fita."

"Mama fa?"

"Mamarki tana ganin in mutum ya zauna a gabanka yana zagin bayin Allah, kai kuma ka yi shiru, to da kai aka yi zagin."

"To wa ke da gaskiya?"

"Miƙo mini sifanan can. Ni ƙanƙarar kan hanya nake sharewa, 'yata. Ƙanƙara ba ta taɓa tambayata ra'ayina ba."

Laraba, 16 ga Oktoba, da safe

Ba komai. Ana ruwa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Na biya ofis bayan makaranta kamar kullum, na zauna a falon jira ina aikin lissafi. Injin nan mai shuuu da suke kunnawa don kada a ji maganar ciki yana ta yi. Wani dattijo mai rigar aiki ya fito daga ɗakin Anti yana murza hularsa, na sunkuyar da kai yadda aka koya mini. Sai ga ta.

"Ɓerata! Ya dawo?"

"Ya dawo."

"Kaico. An cuci mai shagon magani."

Na buɗe baki ke nan zan fara, ƙofar Mama ta buɗe.

Mama tana da murya biyu. Akwai tata, wadda take kiran Baba da ita in ya shigo da takalmi kan kafet. Akwai kuma ta aiki: ƙasa-ƙasa, a hankali, kai a ɗan karkace, kamar mai lallashin kyanwar da ta hau bishiya. Ban taɓa jin ta yi wa Anti ta biyun ba sai yau.

"Noreen, ina ganin satin nan ya yi miki nauyi."

"Corinne, ban yi layi don in gan ki ba, kada ki yi mini muryar nan. Ce mini ban yi daidai ba, mu yi ta ta ƙare."

"Ba na son mu yi magana muna cikin zafi."

"A ɗakin surace muka saba magana, yaushe zafi ya fara hana mu?"

Mama ta yi wani murmushi mai ban tausayi ta koma ciki. Anti ta tsaya tana kallon ƙofar. Ta manta da ni.

Ban gama lissafin ba.

Asabar, 19 ga Oktoba, da rana

Ba mu je ba.

Na sake karanta littafin kyaftin daga tsakiya, wurin da suka yi faɗa a bakin tashar jirgi ta jefe shi da safar hannu. Yau na lura duk littattafan haka suke. Sai an yi ihu, an buga ƙofa, an faɗi maganar da ba ta faɗuwa, sannan a shirya. Wanda ake yi wa magana da ladabi daga farko har ƙarshe, shi ne wanda ba a aura.

Wayar Mama ba ta huta ba yau. Akwai wata takarda da ke yawo, ana neman a cire Anti daga koyar da sababbin ma'aikata. Sloane ce ke kira, wadda Anti ta koya wa aiki da hannunta, wadda ta sha cin burodi mai kirfa a teburin da nake ci. Na ji Mama tana cewa, "Ina jin ki, Sloane. Ba ni lokaci."

Ba ta sa hannu ba. Na rubuta nan don in tuna: ba ta sa hannu ba.

Litinin, 21 ga Oktoba, bayan cin abincin yamma

Mama ta dawo tana waƙa! Ta yi mana miyar shinkafar nan da ke tsirowa a tafki, har ta ɗana wa Baba cokali a goshi da ya sa yatsa a tukunya. Ta ce ta samo mafita. Ta yi rubutu a zauren ƙungiyarsu na intanet, inda dukkansu suke karantawa, kuma tun kafin la'asar mutane suka fara saukowa.

"Wa'azi kika yi musu, limamiya?" in ji Baba.

"Wendell, zan juye maka miyar nan a ka."

Muryarta ce, tata ta gaske. Na hau sama na zaɓi kayan da zan sa ranar Asabar. Na tsaya a taga, wani dogon jirgin ruwa mai dakon tama yana shigowa a hankali, na ce a raina kowa yana dawowa gida.

Talata, 22 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Anti ta ɗauke shukarta daga falon jira. Sai zoben ruwa a kan tebur inda tukunyar take.

Laraba, 23 ga Oktoba, kafin makaranta

Na karanta. Mama ta bar kwamfutarta a buɗe a kicin, ba nema na yi ba.

Ta rubuta musu cewa su sassauta. Ta ce ta fi kowa sanin Noreen, kuma tun rasuwar mijinta bara ba ta dawo daidai ba. Ta ce har yanzu kullum da safe sai ta shiga motarsa ta zauna, ta riƙe sitiyari tana yi masa magana, kafin ta iya fita aiki. Ta ce abin da suka ji a taro ba ra'ayi ba ne, ciwo ne ke magana. Ba hukunci take bukata ba, kulawa take bukata.

Maganar motar mijin nata, Kawu Arvo, a ɗakin surace Anti ta faɗe ta. Ina wurin. Idonta a rufe, gumi na bin wuyanta, ta faɗa ƙasa-ƙasa, sannan ta watsa ruwa a duwatsu don tururi ya rufe mata fuska. Dokar gidanta ce tun ina ƙarama, abin da aka faɗa a ciki ba ya fitowa waje. Ni ma a ciki na faɗi abin da ya sa na daina cin abinci a makaranta bara, kuma ko Baba bai ji ba.

A ƙasan rubutun an jera mata hotunan zukata. Allah sarki Noreen. Muna tare da ita. Sannan wani ya tambaya, cikin ladabi, in haka ne, ya dace ta ci gaba da ganin mutane kuwa?

Laraba ɗin dai, da magariba

Mama da Baba suna kicin, ina kan matakala.

"Corinne, kin tuɓe ta a tsakiyar kasuwa kina cewa fifita kike mata."

"Ceton ta na yi! Sun janye takardar, ka sani ko ba ka sani ba?"

"Ta ce ki cece ta?"

"Kai ba ka san abin da nake gani a ɗakina ba. Ba ka san abin da shirun irin su Noreen ke yi wa mutum ba. Akwai yarinyar da ta zo mini, wadda wani ya zauna yana ji ana..."

Ta tsaya. Kullum a nan suke tsayawa, ita da Anti, ba su da ikon ƙarasa irin wannan labarin ko da za a yanka su. Na ji ta kunna famfo.

Juma'a, 25 ga Oktoba, da rana

Ba na jin yunwa. Ba irin ta bara ba ce. Kawai ba na ji.

Asabar, 26 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Na je. Ni kaɗai, a bas. Na ce wa Mama laburare zan je. Na maimaita sunan tashar a raina tun daga gida, da na zo gaban direba kuma sai na nuna masa da yatsa a taswira.

Na same ta a bayan gida tana faskare. Ta rame. Ta sa tsohuwar rigar sanyin Kawu Arvo, hannun ya yi mata tsawo.

"In miya kika kawo, ɓerata, koma da ita. Firij ɗina ya cika da miyar tausayi."

"Littafi na dawo da shi."

"To shigo."

Ta dafa kofi. Babu burodi. Ta ce an karɓe ɗalibanta, ba kora ba, wai don ta samu ta huta. Likitan da ke turo mata mutane ya daina, shi ma don ta huta.

"Tun ranar Litinin babu wanda ya musa mini ko kalma ɗaya. In na ce tafkin can madara ce, sai su karkata kai su ce suna ji na. Wallahi takardar korar ta fi mini. Wanda aka kora, an yarda ya faɗi wani abu. Ni kuwa ban faɗi komai ba, ashe atishawa na yi."

Ban san me ya shiga kaina ba. Ina kallon kofin na ce, "Amma Anti, limamai marasa coci zagi ne."

Ta ajiye cokali. "Me kika ce?"

"Zagi ne. Kuma... Farhiya, wadda muke zama tare a aji, wani mutum ya tsayar da mota ya ce musu su koma ƙasar da suka fito, ita da ƙanwarta. In mutumin nan ya zo ɗakinki ya faɗi haka, kai za ki gyaɗa masa?"

"Ɗaga murya, yarinya, kunnena ya tsufa!"

"Na ce kai za ki gyaɗa masa?"

Fuskarta ta yi wani haske kamar an kunna fitila a ciki. Ta jawo kujera har gwiwarta na taɓa tawa.

"Ba na gyaɗa kai. Tambayarsa nake wa ya fara korar shi. In na yi masa wa'azi ranar farko ba zai dawo ba, zai koma gida wurin kwalbarsa da bindigarsa, matarsa ce za ta karɓi sauran."

"In ya yi shekara yana zuwa bai sauya ba fa? Ya fita yana jin daɗi, ya sake tsayar da mota?"

"To na kasa."

"Farhiya ce za ta biya, ba ke ba."

"Kai! Ji 'yar banza! Wa ya koya miki?"

"Ke."

Ta yi dariya har tana share ido. Ta ce, "Akwai wani mutum da ya zo mini, da a ce na..." sai ta tsaya, daidai inda Mama ta tsaya. Muka yi ta yi har kofi ya huce. Ban yarda da ita duka ba, ita ma ba ta yarda da ni ba. Rabon da in ji daɗi haka na manta.

Da zan tafi ne ta faɗa mini. Ta saki ofis. Za ta sa gidan a kasuwa ta koma wurin yayarta a garin Marquette.

Na ce in Mama ta zo ta ba ta haƙuri fa?

"Haƙuri? Da muryar nan? A'a. In uwarki ta tsaya a ƙofar nan ta ce, Noreen, ke jaka ce, kin yi kuskure, ga dalilina ɗaya, biyu, uku, to ranar zan cire allon sayarwa in kai shi murhu. Abin da nake nema ke nan. Ba shi da yawa."

Ba shi da yawa. Duk hanya ina faɗa. Ba shi da yawa.

Lahadi, 27 ga Oktoba, da yamma

Zan faɗa wa Mama gobe.

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Gobe.

Laraba, 30 ga Oktoba, bayan makaranta

Na shiga kicin na ce, "Mama." Ta juyo, ta karkata kai, ta ce, "Ina jin ki, zuciyata. Ɗauki lokacinki." Sai maganar ta narke. Na ce ina almakashi.

Me ya sa a littafi yarinya takan buɗe baki kawai magana ta zubo, har da ƙawa? Ni tawa a maƙogwaro take tsayawa kamar ƙwayar magani.

Alhamis, 31 ga Oktoba, da magariba

Yau daren bikin dodanni ne, yara suna ta buga ƙofa da kayan dodanni suna karɓar alewa. Bara ni da Anti muka raba, ta sa hular mayya tana tambayar kowane yaro ko yana son ya yi magana a kan mahaifiyarsa. Iyayen suka yi ta dariya.

An cire sunanta daga ƙofar ofis. Fentin wurin ya fi sauran haske.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, da rana

Na faɗa! Muna wanke kwanuka, ta ba ni baya, shi ya sa na iya. Na faɗa duka a numfashi ɗaya, har da jakar, har da cewa ba laburare na je ba.

Ta daɗe tana cuɗa faranti ɗaya.

"In ce mata jaka."

"E."

"Linnea, matar nan tana cikin makoki. Ba a dukan wanda ke ƙasa."

"Ta ce ba a ƙasa take ba. Ke kika kwantar da ita."

Ban san zan faɗi wannan ba. Mama ta ajiye farantin a hankali. Baba, da ke karatun jarida, ya ɗaga ta ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, daga bayanta ya ce, "Ni dai in ana neman mai koyar da zagi, ina da lasisi."

Mama ta ce, "Asabar."

Na tura wa Anti saƙo: za mu zo Asabar. Ta amsa da kalma ɗaya. To.

Talata, 5 ga Nuwamba, da safe

Na ji Mama a banɗaki tana cewa madubi, "Kin yi kuskure, Noreen." Ta sake, da ɗan ƙarfi. Na cusa fuska a matashi don kada ta ji dariyata. Ko kuka ne, ban tantance ba.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, da yamma

Gobe. Allah, gobe.

Asabar, 9 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, bi da bi, don in na tsaya tunani ba zan iya ba.

Ƙanƙarar farko ta sauko da safe, 'yar kaɗan. Baba ya fita aiki tun asuba. A mota Mama tana ta jera dalilanta, tana buga sitiyari da yatsa. Dalilai masu kyau ne, wasu ma sun fi nawa. Ta ce za ta fara da jakar don ta wuce wurin.

Da muka shiga layin na hango hayaƙi yana tashi daga bayan gidan. Ta hura wutar surace. Tun kafin mu zo, tun kafin ta ji komai. Na matse hannuna a cinya.

Allon sayarwa yana kafe a bakin hanya. Motar Kawu Arvo ba ta nan, sai tabon mai a inda take tsayawa. Na ga Mama ta kalli wurin, ta daɗe tana kallo.

Anti ta buɗe ƙofa kafin mu buga. Ta gyara gashinta. A bayanta kwalaye ne har rufi. Ta harɗe hannu a ƙirji, ta ɗaga haɓa, bakinta na rawa kaɗan kamar mai ɓoye murmushi.

"To, Corinne? Ga ni."

Mama ta ja numfashi. Ta kalli ramar fuskarta, ta kalli hannun rigar da ya rufe mata yatsu, ta kalli kwalayen. Ina tsaye a bayanta, ina ganin ƙeyarta. Na ga lokacin da kanta ya fara karkata. Na so in sa hannu biyu in miƙar da shi.

"Noreen... kin sayar da motarsa. Ina jin irin raɗaɗin da kike ciki."

Anti ta kalle ni ta saman kafaɗar Mama. Ba fushi a idonta, na fi son da akwai. Hannunta ya sauka.

"Na gode da kika zo, Corinne. A gaida Wendell."

Ta rufe ƙofar a hankali, ko ƙara babu.

Muka koma mota, muka kama hanya. A fitilar kan hanya, wajen gidan mai, ja ta tsayar da mu. Mama ta ce, ƙasa-ƙasa, "Linnea, na san kina jin fushi, kuma ba laifi ba ne. Rabuwa takan zo wa mutum da..."

"Ba fushi ke magana ba. Ni ce. Kin yi kuskure."

Ta juyo ta kalle ni kamar ba ta san wadda ta ɗauko a mota ba. Sai fuskarta ta yi ja, ta daki sitiyari har hon ya yi ƙara.

"Ni na yi kuskure? Ni? Ita fa? Ta tsaya a gaban duniya ta kira ni limamiya, ni da na riƙe ta a maƙabarta da ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta! Ta san abin da na yarda da shi, ta san dalilina, ko kallona ba ta yi ba! Jaka! Mai taurin kan tsiya! Tana ganin duk duniya ita kaɗai ta iya son mutane! Ba ta da gaskiya, wallahi ba ta da gaskiya, kuma zan iya nuna mata a inda ta ɓata!"

Hawaye har cikin bakinta. Ban taɓa ganin ta da kyau haka ba.

Na ce, "Mama, wannan ne. Wannan take so. Juya motar. Wutar ba ta mutu ba tukuna."

Fitila ta ba da hannu. Na bayanmu ya danna hon. Mama ta share fuska da bayan hannu, ta gyara zama, ta ja numfashi irin wanda take koya wa mutane, a shaƙa a riƙe a saki.

"Ba a wannan halin ba," ta ce. "Sai na huce."

Ta miƙe hanyar gida.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Ban tashi ba.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, bayan makaranta

Ban biya ofis ba. Na zauna a tashar bas har bas biyu suka wuce. Farhiya ta tambaye ni ko lafiya, na ce mura.

Asabar, 16 ga Nuwamba, da hantsi

Mama ta buga ƙofar ɗakina. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, ta sa takalmi, gashinta ko tajewa babu.

"Na huce," ta ce. "Kuma har yanzu ina ganin ba ta da gaskiya."

Muryarta ce. Tata.

Na ce ba ni za ta faɗa wa ba.

Ta ce ta sani. Ta ce daga gidan Anti take. Motar da ta kwashe ta da kayanta ta tashi tun da sassafe.